Ranar Juya Tayoyi

Talata, 7 ga Afrilu

Jiragen sama goma sha ɗaya jere a ƙarshen fili, babu mai motsi. Shekara ashirin da biyu ina aikin gyaran jirgi, ban taɓa jin kukan tsuntsu a wurin nan ba sai da annobar nan ta zo. An raba mu biyu-biyu, kowa da jirgin da zai kula da shi. Ni da Dogo aka ba mu lamba huɗu, mafi tsufa a cikinsu. Kowa Gwaggo yake ce masa, har matuƙa. Ni dai lamba huɗu na sani, haka yake a takarda.

Mun toshe bakin injuna, mun rufe ƙananan ramukan hanci da jan ƙyalle saboda ƙwari. Sai tayoyi. Jirgi in ya daɗe tsaye wuri ɗaya, gefen tayar da ke ƙasa yakan lotse, shi ya sa duk mako ake jan sa gaba kaɗan. Na ja layi da alli a kowace taya don in san inda ta zauna. Dogo ya ce ina sa wa Gwaggo kwalli.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Rabin albashi daga wannan watan. An manna takardar kusa da abin wanke hannu, yadda babu wanda zai ce bai gani ba.

Talata, 28 ga Afrilu

Mun juya tayoyi. Mun tayar da injuna na minti ashirin, na cika kati, na sa hannu, na sa a fayil.

Masu kula da lamba bakwai sun daina wahalar da kansu. Tayarsu tana nan yadda na gan ta makon jiya. Ba hurumina ba ne.

Dogo ya ji a rediyo cewa kamfanonin jirage sun roƙi gwamnati ta tallafa musu kada su durƙushe. Yana ta lissafi da yatsu kamar shi za a miƙa wa. Ya ce, "Malam Takarda, in Gwaggo ta tashi mun tashi. In ta zauna, to, mu ma sai mu nemi tabarma." Gaskiya ce a cikin wasan. Mu biyu ne kawai muka rage masu takardar shaidar taɓa irin wannan tsohon samfurin. Yaran yanzu sababbi suka koya.

Asabar, 9 ga Mayu

A gida. Matata, Maman Auta, ta ce ƙafafuna sun cika mata falo, in tashi in gyara fankar ɗaki tunda jirgi ma ina gyarawa. Na gyara. Auta tana karatu ta waya, malaminsu yana magana hotonsa yana daskarewa, ita kuma tana kwaikwayonsa.

Maƙwabcinmu direban tasi ya tsaya ta bayan katanga, takunkuminsa a haɓa. Wai don me za a ɗauki kuɗin jama'a a ba masu jirgi, shi da motarsa ta yi wata biyu a ajiye wa ya tambaye shi? Na ce ban sani ba. Kuma da gaske ban sani ba. Bai yi ƙarya ba, ni ma ba na fatan a saurare shi. Haka abin yake.

Talata, 19 ga Mayu

Sheƙar tsuntsu a cikin ramin taya na hagu. Ƙwai biyu. Doka ta ce a cire. Dogo ya ɗauke ta a hular kwanonsa ya kai gindin katanga, yana ba uwar haƙuri da ƙarfi. Na rubuta a kati: an sami sheƙa, an cire.

Laraba, 3 ga Yuni

Shiru game da tallafi. Kullum kwamiti na zama.

Dogo ya fara sayar da takunkumin da matarsa ke ɗinkawa. Ya kawo min uku, ya ce kyauta ne, amma in na ƙi biya zai ji haushi.

Juma'a, 19 ga Yuni

An amince. Gwamnati za ta ba kamfani tallafi, amma da sharuɗɗa: a rage jirage daga sha ɗaya zuwa bakwai, a rage ma'aikata daidai da haka. Za a turo masu bincike su duba kowane jirgi da fayilinsa.

Oga ya tara mu a rumfar gyara, kowa nesa da kowa, yana magana ta cikin takunkumi, rabin abin da ya faɗa bai fito ba. Abin da na ji: "Takarda ce za ta yi magana."

Na dawo na sake bin fayil ɗin lamba huɗu shafi-shafi. Babu Talata ɗaya da ta ɓace. Kowane inji, kowane famfo, kowace taya da tarihinta tun ranar da aka ɗaura ta. Ba wai ina sa rai ba ne. Dubawa kawai na yi.

Litinin, 6 ga Yuli

Masu bincike uku. Babbarsu mace ce mai farin gilashi, ba ta dariya. Fayil ɗin lamba bakwai minti goma ta yi ta rufe. Namu ta zauna da shi fiye da awa biyu, tana kiran abokan aikinta su zo su gani. Ta fito ta tsuguna gaban taya, ta taɓa layin allina.

"Wa ke yin wannan?"

Na ce ni ne, ranki ya daɗe.

Ta ce ta zaga filaye da yawa a watannin nan, ba ta ga jirgin da aka adana kamar wannan ba. Ta sa aka tayar da injuna, ta saurara, ta rubuta wani abu.

Dogo ya kusa rungume ni, ya tuna doka, ya buga min gwiwar hannu har ta yi zafi. Na saya wa Auta alewa a hanya. Ban faɗa wa uwarta dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba, sai kallona take yi.

Alhamis, 16 ga Yuli

Oga ya kira ni ofis ni kaɗai.

Lamba huɗu ba zai sake tashi ba. Tun kafin masu bincike su zo an gama wannan maganar, yana shan mai da yawa, sharaɗin tallafin bai bar irinsa ba. Abin da suka zo dubawa daban ne. Cikin jirage huɗun da za a ajiye, wanne ne za a iya ciro kayansa a sayar wa masu irin samfurin a wasu ƙasashe? Kayan jirgi ba shi da daraja sai da takardarsa. Inji mai lafiya in babu tarihinsa a rubuce, ƙarfe ne kawai. Sauran ukun fayilinsu duk giɓi, za a bar su a ƙarshen fili yadda suke. Namu ne kaɗai cikakke.

"Injiniya, kai ka cece shi daga ruɓewa," in ji Oga. Yana nufin yabo ne.

Ana buƙatar mutum ɗaya mai takardar shaida ya kwance shi, ya sa hannu a kan kowane abu. Bayan haka za a tura ni koyon sabon samfuri. Sunana yana cikin waɗanda suka tsira. Na tambaya, Dogo fa? Ya duba takarda, ko da yake ya san amsar.

Na ce na gode. Me zan ce?

Juma'a, 17 ga Yuli

Dogo ya kwashe akwatin kayan aikinsa. Ya yi dariya ya ce da mun yi lalaci irin na 'yan lamba bakwai, da Gwaggo ta mutu da ƙafafunta a jikinta. Sannan ya daina dariyar. Ya bar min babbar sifanarsa, wai ta fi tawa kama ƙusa. Ya ce, "Ka bi ta a hankali, ɗan'uwa."

Na raka shi har bakin ƙofa. Na ce ya gaida gida.

Laraba, 29 ga Yuli

Injin dama ya sauka. Awa shida. Takardu goma sha huɗu, duk na sa hannu.

Maman Auta ta ce in gode wa Allah, mutane nawa ke gida. Na gode. Ta ce to me ya sa nake barin abinci a kwano? Na ce takunkumi ne ke kashe min ɗanɗano.

Litinin, 3 ga Agusta

Injin hagu. Kujeru gobe.

Jirgi na farko ya tashi yau da fasinja, lamba tara. Mutane sun fito suna tafi. Na ji ƙararsa daga cikin ramin taya, ban leƙa ba, hannuna duk mai.

Talata, 11 ga Agusta

An cire lamba huɗu daga jadawalin kulawa tun makon jiya. Babu kati, babu fayil. Tayoyin ma an sayar, ranar Alhamis za a zo a ɗora jikin a kan katako.

Na iso da wuri. Na tarar da direban motar jan jirgi yana shan shayi, na ce ya taimaka min na minti biyar. Ya ce a wace takarda zai rubuta? Na ce babu. Ya kalle ni, ya ajiye kofin.

Mun ja ta taku biyu. Ta yi sauƙi sosai yanzu, motar ko nishi ba ta yi ba. Na goge tsohon layi, na ja sabo a kowace taya. Allin ya kusa ƙarewa, saura ɗan guntu.

Ba wani abu ba ne. Wanda ya sayi tayoyin ya kamata ya same su da kyau, shi ke nan.

Dogo ya kira da rana, yana kasuwa, hayaniya ta cika wayar. Bai tambayi aiki ba, bai tambayi Oga ba. Ya ce, "Yau Talata."

Na ce na sani. Na juya wa Gwaggo.