Zan Tafi Ƙarƙashin Gada, Yusufa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ɗana Yusufa, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka a Kano. Ni ce da kaina nake dannawa a jawwal, wayar yayarka Hindatu, in ka ga kuskure ka yi haƙuri, yatsa ɗaya nake da shi a wannan aiki.

Hotunan sun iso. Na gan ka a kwalekwale ku shida da mai yi muku jagora, daji ya rufe ku ta ko'ina, ka rame wallahi. Na ga jan birin nan naka, orangutan ko me, na ce to alhamdulillah, yaro ya ga abinsa.

Ka tuna Khala Siti 'yar Jawa, maƙwabciyarmu a unguwar Sa'alaba a nan Jidda? Ita ta sa maka wannan ciwon. Tana tuyar ayaba kana tsugune a ƙofarta, tana ba ka labarin biran ƙasarsu masu shimfiɗa gado a kan bishiya. Ka dawo ka tara mini kwalaye a kan rufi wai gadonka ke nan. Na zane ka ranar. Yau da zan samu in tara maka da hannuna.

Ka girma ba iƙama, takardar zaman ƙasa, ba fasfo, ko Ɗa'if ba ka isa ka je ba. Kullum maganarka ɗaya, Umma biran suna ƙarewa, ana sare dajin, kafin in samu takarda babu ko ɗaya. Ni kuma in ce yalla tashi ka kai kaya kasuwar Bab Makka, biri zai ba ka abinci?

Abin da ke cina shi ne ni na tura ka. Na ce je ka miƙa kanka a kai ka Najeriya, ka yi fasfo, ka dawo da umra kamar yadda kowa ke yi. Haka kawunka ya yi sau uku. Haka na sani tun zuwanmu da babanka. Ban san an kawo basma, ɗaukar zanen yatsu ba, ban san in an ɗauki yatsunka a tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora, ƙofar dawowa ta rufe ba. Na haɗa maka jaka ƙarama don ina cewa watanni ne. Shekara huɗu ke nan, ya waladi.

Ka rubuto cewa da uban gidanka ya tura ka Jakarta sayen yadi ka roƙi kwana huɗu ka tafi dajin biran. Ka ce jagoran ya hana ku magana da ƙarfi, ya hana ku miƙa musu abinci, mai mura ma an bar shi a kwalekwale kada ya shafa musu. Kuka tsaya shiru har wata uwar biri ta sauko da ɗanta ya ƙanƙame gashinta. Ka ce shekara bakwai ko takwas suke yi ba sa rabuwa, kuma 'ya'yan biran da ake reno a can yawancinsu an kashe uwar ne aka ɓamɓare su daga jikinta. Nan na tsaya da karatu. Hindatu ta ƙarasa mini. Ni ba wanda ya ɓamɓare ka, ni na buɗe hannuna.

To halas, shi ke nan, na yanke shawara. Bayan sallar layya zan je in zauna ƙarƙashin gada inda masu son hukuma ta kwashe su ta mai da su gida suke zama. Hindatu tana ta kuka, tana da miji da iƙama, za ta iya zuwa ta gan ni. Kai ba ka iyawa. Na san in suka ɗauki nawa yatsun ni ma ba dawowa, kabarin babanka yana nan, ɗakina yana nan, Ka'aba tana nan kusa. Na yi ta juya abin. Ban fasa ba.

Kano ban san ta ba yanzu, ina da goyon Hindatu na bar ta. Idona ma ya yi rauni. In an ce jirginmu ya sauka, kada ka tsaya cikin mutane kana jira in gane ka. Ka kira ni da ƙarfi, Umma, ka yi ta kira har in juyo.

Allah ya tsare mini kai, ya bar wa waɗannan bayin nasa dajinsu da 'ya'yansu, ya ba ni kwana in riƙe fuskarka. Amin.

Ummanka,
daga Sa'alaba, Jidda.