Ɗanladi, Ba Daniyel Ba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna?

Kin san ba wanda ya koya mini jita. Ni na tara Misirawa uku a ɗakina na unguwar Hay el-Sabi', na sayo lasifika a kasuwar Ataba, muka kafa ƙungiyar kiɗan rok, ba kamfanin da ya tallafa mana. Yanzu faifanmu na farko ya fito, sai na ga an rubuta mini Daniyel a bangonsa. Mai bugawa ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ba mu da harafin farkon sunanka." Na ce khalas, shi ke nan, ba zan hau dandamali a wasan da za mu yi a Giza ba sai an gyara.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Sunan da Inna ke kirana da shi za a rubuta: Ɗanladi, har da ƙugiyarsa.