Dariyar Doreen

New York

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Tunda ka ƙi ɗaga waya, ga wasiƙa. Na san fushinka: ka ce takunkumin fuska sai kare mai cizo, ni kuma na rubuta wa mai gabatar da shirinmu na barkwanci, ya yi shaƙiyanci da maganar a talabijin. Ban faɗi sunanka ba, amma na yi laifi. Goggo Bev ta ce duk da haka kullum sai ka kalla. To, daga Litinin za mu cire dariyar faifai da muke sakawa tun da aka hana 'yan kallo shiga zaure saboda annobar korona. Masu sharhi sun sa mu gaba, wai ana mutuwa muna kunna shewa.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Lorna

Toledo

Lorna,

Ina amsawa. Bev dai bakinta ba ya riƙe ko ruwa. Shirinku shirme ne, mutumin naku kuma ba ya ba ni dariya. Allon ɗan takarata na zaɓe na nan kafe a ƙofar gida, kada ki sa rai zan cire.

Ba don ku nake kallo ba. Faifan nan a zaurenku aka naɗe shi bara, ranar da kika kai uwarki. Idan kowa ya yi shiru, akwai wata da ke ci gaba da dariya, har da 'yar shaƙuwa a ƙarshe. Uwarki Doreen ce. Da ta kwanta ciwon ajali, asibiti ba su bar ni na shiga ba, ta waya na yi mata ban kwana, ita kuwa ba ta iya magana. Muryarta da ta rage min ke nan. Kada ku cire.

Ki kula da kanki.
Wendell, ubanki

New York

Baba,

Barka da war haka. Na saurara. Ita ce, kuma na yi kuka sosai. Ni da nake aiki da faifan kullum ban taɓa gane ta ba. Na roƙi shugabanmu har na gaji, ya ce magana ta ƙare, za a cire. Amma mai haɗa sauti ya kwafe min faifan. Ba zan aiko ba, da hannuna zan kawo, in za ka sa takunkumi ka buɗe min ƙofa.

Gara ka sani tun yanzu: zolayar da ta ba Mama dariya ranar, a kanka na rubuta ta, yadda kake musu da talabijin kamar yana jin ka.

Sai na ji daga gare ka.
Lorna

Toledo

'Yata,

Sannu. Na sayi abin, na duba madubi, kare mai cizo sak. Ki zo Asabar. Ai na san wa take yi wa dariya. Tun da na aure ta ni take yi wa.

Allah ya kawo ki lafiya.
Baba