Iskar Da Na Ɓoye A Ƙarƙashin Ruwa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙo kada a yanke mini hukunci sai an kai ƙarshe. In an kai, duk abin da aka ce mini na cancanta. Sunayen da za ku gani na aro ne, garinmu ma ba zan faɗa ba, ya isa ku san yana bakin ruwa a ƙasar Yauri.

Shekara biyar a jere ni ne zakaran gasar nutso da ake yi a yankinmu. Ga wanda bai sani ba, ana kai mu tsakiyar ruwa a kwalekwale, a busa usur mu nutse gaba ɗaya, alƙalai suna duban agogo, wanda ya fito daga ƙarshe shi ya ci. Gwanaye sukan yi minti biyu zuwa uku. Ni sai in yi shida, har bakwai. Makaɗa sun saka ni a waƙa, mata suna guɗa, wasu suna rantsuwa aljanun ruwa ne suke karɓar baƙuncina. In na shiga kasuwar kifi a Yelwa ba a barin in riƙe ko ledata. Ni kuwa ina ta hura hanci kamar da gaske.

Gaskiyar ita ce babu aljani ko ɗaya, rabin duron roba ne. A wurin da ake gasar akwai wani tsohon kututturen itace a ƙasan ruwa, irin waɗanda tafki ya shanye tun kafin a haife mu. Ana gobe gasa nakan je da rana kamar mai ɗana tarkon kifi, in kife duron in ɗaure shi tam a jikin kututturen, iska ta maƙale a ciki. Ranar gasa in an nutse sai in lallaɓa in cusa kaina, in yi ta numfashi, 'yan'uwana suna can suna fama da ƙirjinsu. Ruwan a gurɓace yake, ko tafin hannunka ba ka gani. Farkon abin wallahi wasa na ɗauke shi, na ce sau ɗaya zan yi. Amma wa ya taɓa jin an kira sunansa da kalangu ya ce ya ƙoshi?

Ina da aboki, zan kira shi Mamman. Tare muka koyi iyo, tare muka ci tuwo a ɗakin mahaifiyarsa, wadda ni ma Inna nake ce mata. Shi ne gwani na gaskiya, duk shekara shi ke zuwa na biyu, kuma bai taɓa yi mini hassada ba. Yakan dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Kai mutumina, wane irin huhu Allah yab ba ka? Bana dai ko ni ko kai, ba ni fitowa sai ka fito." Ni ma in yi dariya in ce masa ya ƙara cin kifi. Kun ji irin amsar da na ba mutumin da yake gaya mini zai yi gasa da duro.

A shekara ta biyar aka busa usur muka nutse. Na shiga duron, ina jin numfashina yana amsa kuwwa a kunnena, ina ƙirga lokaci a zuci. Can sai na ji hannu ya kama idon sawuna. Hannun mutum ne, yatsu biyar, ya riƙe da ƙarfi. Abin da ya fara zuwa raina ba wai wani yana neman taimako ba ne, cewa na yi asirina ya tonu. Sai na fizge ƙafata. Ya sake lalubowa, na sake fizgewa, har na haɗa da shuri. Hannun ya sake ni. Na ci gaba da zama a wurin na cika ƙirgata, sannan na fito ina ɗaga hannu ana kiɗa. Sai da kiɗan ya lafa aka lura ashe ba ni ne na ƙarshe ba, saura mutum ɗaya a ƙasa. Da la'asar aka samo Mamman.

Har yau ban san abin da hannun yake nufi ba. Numfashinsa ne ya ƙare ya laluba ya same ni? Ko ya gano abin da nake yi ne yana so ya jawo ni? Da na sunkuya na jawo kansa cikin duron, shaƙa biyu kawai, da yanzu yana nan yana tsokanata? Wannan tambayar ita ce abincina shekara uku.

Washegarin jana'iza na ce na bar nutso. An zo daga nesa ana lallashina, har da masu son kai ni gasar wasu jihohi, na ce a'a. Sai gari ya ɗauka amana ce. Ana nuna ni ana cewa ga wanda ya ajiye suna da ɗaukaka saboda abokinsa. Na sayar da kwalekwalena na koma kabu-kabu a Yelwa, don dai in yi nesa da ruwa, amma ruwan bai yi nesa da ni ba. In na leƙa randa zan ɗebi ruwa, sai in ji wannan numfashin nawa na cikin duro. In na tsaya da babur na sa ƙafa a ƙasa, wani lokaci sai in ji yatsu sun zagaye idon sawuna, da rana tsaka, a tsakiyar mutane. Matata tana ganin ina yawan sosa wurin, har man zafi ta saya mini.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Duk ranar kasuwa sai ta aiko mini da busasshen kifi, ta ce a gaya mini ni ne madadin Mamman a wurinta. Ina karɓa, ina godiya, ina kasa haɗiyewa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na rubuto. Mamman yana da ƙane, Sahabi, magidanci ne mai 'ya'ya biyu. Ya rantse bana zai shiga gasar, kuma ba cin ta kawai yake so ba, so yake ya kai minti bakwai ɗin da na kafa, ya ce abin da yayansa ya mutu yana nema ke nan. Kullum yana cikin ruwa yana gwaji. Makon jiya masunta suka tsamo shi a sume, jini yana fita ta hancinsa. Na je na same shi na ce ya rufa wa kansa asiri ya bari. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kai ba mutum ba ne? Abin da mutum yay yi, mutum na iya yi nai." Na juya na tafi.

Shekaranjiya Inna ta sa aka kira ni. Na tarar da ita zaune a tabarma, ta tsufa ƙwarai. Ta kama hannuna da hannayenta biyu ta ce, "Ɗana, na hana shi ya ƙiya. Ɗaya ruwa ya ɗauka, wanga shi ar raguwata. Kowa ya san akwai abin da kaka yi, ko addu'a ce ko magani. Ban tambaye ka ba tun da can, yau ina roƙonka. Ka ba ƙanenka abin nan, don Allah, kada shi tafi inda wancan yat tafi." Na ce mata to. Wallahi to na ce, don ban iya kallon idonta in ce wani abu ba.

Saura kwana tara gasar. In na yi shiru, Sahabi zai nutse yana bin lokacin da ni kaina ban taɓa yin sa da huhuna ba, kuma na san ba zai fito da kansa ba. In na kai shi na nuna masa kututturen, a take zai gane abin da ya kashe yayansa, kuma sai Inna ta ji. Ba kunyar gari nake tsoro ba, wannan na daɗe da shirya mata. Tsorona tsohuwar nan ta san hannun da ta riƙe tana roƙo, mai shi ne ya shure ɗanta. Ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba.

Sahabi ya kira ni ɗazu, muryarsa cike da murna, ya ce Inna ta gaya masa na yarda, gobe da hantsi zai zo da kwalekwale ya ɗauke ni.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?