Kaset ɗin da Baba ya goge

Gumel, daren Alhamis

Alhamdulillahi, kaset ɗin bai lalace ba. Na zaga garin nan kaf ban sami inda zan kunna shi ba, shagon Ɗanliti mai kaset ma ya koma wurin cajin waya. Sai a kasuwar Maigatari wani dattijo ya naɗe zaren da biro, ya sa a tsohuwar rikodarsa.

Kaset ɗina ne na waƙoƙin Indiya. Baba, Allah ya jiƙansa, ya goge rabi ya ɗauki saƙo zuwa ga Yaya a Makka, ƙarshe ba a ma kai ba. Kwana biyu na yi ina kuka lokacin.

Yau sai ga muryar Baba a kaset ɗin yana ce min: "Hadiza, rage surutu, ana ɗauka!"

Dattijon ya ce, "Hajiya, in wuce zuwa waƙoƙin?"

Na ce, "A'a Baba, mayar baya."