Shaidarmu a Kan Baba Mustafa

Guangzhou, ƙasar Sin.

Zuwa ga Kawuna, Malam Maidaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwar girmamawa da biyayya daga ɗanka da ke uwa duniya. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da masu ɗaukar karatu a zaurenka, ya kuma sauwaƙe maka ciwon gwiwar nan. Na samu labarin Asma'u ta sauka lafiya, Allah ya raya, ya sa mahaddaci ne. Ni ma jikina ƙalau. Karatun digiri na biyu a fannin shari'a yana tafiya yadda na saba tafiyar da shi, wato a sahun gaba, kuma ina nan ina duba wa Alhaji Barmo na Maradi takardun yarjejeniyarsa a kasuwar tufafi ta Canaan. Na zaɓi alƙalami maimakon waya ne domin mas'alar da ke tafe da ni ta fi ƙarfin saƙon murya.

Allah gafarta Malam, mun yi rashi. Wani dattijo ne da muke kira Baba Mustafa, mutumin ƙasar Lituwaniya da ke arewacin Turai. A Masallacin Huaisheng na fara ganinsa wata Juma'a, fari sol, da furfura, sai na tare shi ina taya shi murnar shiga Musulunci. Ya yi dariya, ya ce kakanninsa, ƙabilar Tatar, sun fi shekara ɗari shida suna salla a ƙasarsu, har ma sun rubuta littattafan addininsu da baƙaƙen Larabci cikin yaren ƙasar, kamar dai ajaminmu. A fasfo sunansa Steponas. Malamin tarihi ne da ya ajiye aiki, ya koma sayar wa 'yan Sin duwatsun ado masu ruwan zuma da ake tsinta a bakin tekunsu. Ka san ni da muhawara, ba na barin ta kwana. Daga ranar, kowace Juma'a sai mun zauna a shagon taliyar Musulmin Sin, ni da shi da Alhaji Barmo da abokin cinikinsa Mahamadou, ana tafka ta har shayi ya huce.

Alfaharinsa ɗaya ne a duniya, shi ne kundayen dokokin ƙasarsu guda uku, na 1529 da 1566 da 1588. Yakan ce a zamanin da ake yanke hukunci da abin da tsofaffi suka tuna, mutanensa sun zauna sun tsara haƙƙi da haddi babi babi, tun daga gadon gona har zuwa rabon 'ya mace. Na ce masa wannan ba abin tinƙaho ba ne a gaban mai Risala da Mukhtasar a gidan kawunsa. Ya amince, amma ya ce in lura da abu guda: an shafe ƙasarsu daga taswira a ƙarshen ƙarni na sha takwas, duk da haka kundi na uku ya ci gaba da aiki har 1840, sannan Rasha ta soke shi. Wato mutane sun rasa sarki da tuta, amma ba su rasa madogara ba. Ya kuma gaya mana, ba tare da ɓoyewa ba, cewa kundin farko bai karɓi shaidar Batatare a kan Kirista a shari'ar fili ba, sai na uku ne ya buɗe ƙofa ga waɗanda suke yi wa ƙasa aikin soja. A wurinsa, tarihin mutanensa kaf tarihin jiran ranar da za a saurari shaidarsu ne.

A ɗaya daga cikin irin zaman nan ne ya ce mana, mu uku muna ji, idan ajali ya riske shi a nan, a yi masa sutura a binne shi a maƙabartar Musulmin garin. Mahamadou ya tsokane shi da cewa tsohon da ke cinye kwano biyu na taliya ai shi zai binne mu. Aka yi dariya, aka wuce wurin. Da zafin garin nan ya tsananta, ya yanke jiki ya faɗi a masaukinsa da ke titin Liuhua Lu, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu, al'adar wannan gari ƙona gawa ce, sai dai an keɓe Musulmi. Amma shi babu wata takarda tasa da ke nuna Musulmi ne. Muka tafi ofishin da abin ya shafa da ƙarfin gwiwa, ni a gaba, na shirya hujjojina ɗaya bayan ɗaya kamar mai shiga kotun ƙoli. Jami'in ya saurare ni da ladabi har na ƙare, sannan ya tambaya ko akwai wasiyya a rubuce. Babu. Ya tambaya ko a cikinmu akwai ɗan'uwansa na jini. Babu. Sai ya girgiza kai ya ce meyo, kalmar da masu shago ke faɗa idan kaya sun ƙare, ya bayyana cewa magana tana hannun 'yarsa tilo, Rozaliya, wadda ke kan hanya daga Vilnius, babban birnin ƙasarsu.

Ban zo in zarge ta a gabanka ba. Ta iso idanunta sun kumbura. Ta ce ta tashi a zamanin da mahaifinta ke ɓoye addininsa saboda tsoron gwamnati, ba ta taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba, kuma bai taɓa faɗa mata wannan buri ba. Mahaifiyarta ba Musulma ba ce, an ƙona ta da ta rasu, kuma abin da Rozaliya take so shi ne a ƙona shi, ta tafi da tokarsa ta haɗa iyayenta a kabari guda inda za ta riƙa kai jikokinsu. Alhaji Barmo ya ce 'yan kasuwa za su ɗauki nauyin kai shi gida da jikinsa cikakke. Ta yi godiya, ta ce takardun hakan suna da tsawo, bizarta gajera ce, ga yaro ta baro ba lafiya. Na yi mata jawabi da duk fasahar da Allah ya hore mini, na kawo dalili na shari'a da na hankali da na tarihi, har na ambaci kundin 1588. Ta bar ni na gama, sai ta tambaye ni ko mahaifinta ya taɓa ambatonta. Na ce mata duk sanda ya zo kan babin rabon 'ya mace, sunanta yake kira. Ta yi kuka mai yawa, amma ba ta canza ba.

Alfarma ɗaya ta yi mana, ta yarda mu yi masa wanka da sutura da salla. Mutanen Kano da Maradi da Yamai da Kumasi suka rufe shaguna suka zo, sahu ya cika har waje. Ita tana tsaye daga baya, da gyalen da Hajiya Fasuma, matar Alhaji, ta yafa mata. Bayan sallama ba mu ɗauki makara zuwa kushewa ba. Mota ce ta zo ta tafi da shi, muna tsaye hannu rabbana. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yabon rubutacciyar doka ya tafi bai bar layi ɗaya a rubuce ba, mu kuma shaidu uku, baligai masu hankali, shaidarmu ba ta karɓu ba.

Ina neman fatawarka, Kawu, ko akwai alhaki a wuyanmu, kuma ina roƙon ka sa a yi masa addu'a a zaure da sunansa na Musulunci. Sai abu na biyu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ban taɓa jin ɗacin maganar nan ba sai yanzu. Na rubuta wasiyyata da Hausa da Turanci da Sinanci, an buga mata hatimi, Alhaji Barmo da Mahamadou sun sa hannu. Idan ta Allah ta kasance a nan, kada a jira jirgi, kada a jira kowa, a sa ni a ƙasa a ranar, ina fuskantar alƙibla. Na san mahaifiyata, Inna Zalika, za ta so a kawo mata ni gida, shi ya sa nake roƙon ka sanar da ita da bakinka, a hankali, bayan ta ci abinci. Ka ce mata lafiyata lau, kawai ba na so ranar ta zo a tambaye ta abin da ban faɗa mata ba.

Ka gaishe mini da Inna Zalika, da Yaya Muhammad Sani da iyalinsa, da Asma'u da jaririnta, da Rukayya, ka ce mata ta dage da karatu. Carbin da Baba Mustafa ya ba ni, na dutsen ƙasarsu, zan ba Mahamadou ya kawo maka. Ya fi dacewa da hannun da zai riƙa ja masa istigfari.

Wassalam. Ɗanka mai neman albarkarka,

Umar Faruƙ