Layin Gonarka

Daga ƙauye, gefen Managil
Farkon damina

Mijina Abdulwahab, Abu Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda takardar nan ta same ka. Mu lafiya lau, Bilkisu har ta fara bin kaji. Tunda ka tafi Damazin yankan riɗi, yaƙi ya datse hanya, wayarka ta daina shiga, direban bas nake bai wa wasiƙa, ko Allah zai sa.

Ina nan ina fama da manhajar rabon ruwa ta manoman ƙauyenmu, wadda kake cewa ta fi ka ganin fuskata. Kowace gona tana da layinta da sunan mai ita. In na gama rubutu sai kompaila ya duba, shi ne mai juya shi zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Mita gare shi kamar kawunka Muntari. In ya ga kuskure sai ya tsaya cak, in kuwa abu ne kawai bai kwanta masa ba, sai ya yi gargaɗi da rubutu ruwan ɗorawa ya wuce.

Duk na gyara, saura ɗaya. Ya ce an rubuta sunanka amma ba a kira shi ba a rabon bana. Gaskiyarsa ne, ba a shuka gonarka ba. Ustaz Izzuddeen, shugaban aikin, ya ce ba zai karɓi manhaja da gargaɗi ba, in goge layin. In na goge kuwa, ranar ruwanka ta koma hannun wani.

Da azahar nakan zura wa layin ido har ruwan ɗorawar nan ya zame mini furen auduga, in hango ka tafe a bakin magudanar ruwa, wando a naɗe, balbelu na tashi a gabanka. Ina kewarka ƙwarai.

Matarka,
Hanaa

Abu Bilkisu,

Sallama da gaisuwa. Yaya jiki, yaya baƙunta? Allah Ya sa kana samun abinci mai kyau.

Ban goge ba. Akwai hanyar rufe wa kompaila baki gaba ɗaya, amma ban yarda ba, don shi ya taɓa nuna mini lambar da za ta sa ruwa ya malale gonar Inna Dije. Sai na sa alamar rufe masa baki a saman layinka da lambar wannan gargaɗin shi kaɗai, a ƙasan layin na sakar masa bakinsa. Ustaz ya gani, ya daɗe yana kallo, ya karɓi aikin.

Na ɗauka zan ji daɗi. Wallahi ban ji ba. Maƙwabta sun daina tambayarka don kada su sa ni kuka, ashe kompaila, tsohon nan mai mita, shi kaɗai ya rage yana cigiyarka kowace safiya. Ga shi ni da hannuna na sa shi shiru. Allon ya yi fes, ni kuwa sai in dafa jabana, gahawar nan tamu, finjali biyu, in zauna ina kallon naka yana hucewa.

Taka har kullum,
Hanaa

Abu Bilkisu, mai gona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Innarka da ƙanwarka Hafsa suna gaishe ka.

Na cire alamar. Ni da Hafsa muka shuka dawa a gonarka, layukanmu a karkace, in ka gani sai ka yi mana dariya. Na koma manhajar na kira sunanka a rabon ranar Talata. Kompaila ya duba bai ce komai ba, kuma wannan karon ba ni na hana shi ba.

Da safiyar Talata aka buɗe ruwan. Ya shigo a hankali yana ɗauke da sararin sama a bayansa, Bilkisu ta tsoma ƙafa tana ƙyalƙyala dariya. Mai buɗe ruwa ya ɗaga murya ya ce na Abdulwahab ne, kowa ya ji.

Dawar za ta nuna kafin sanyi. Ka san ban iya yankan dawa ba, kuma ba ni da niyyar koya. Laujenka na nan inda ka rataye shi, na shafa masa mai.

Allah Ya buɗe hanya.

Matarka mai jira,
Hanaa